Lasifikar da ta yi daɗi a shago, ta zo gida tana gunji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi lasifika biyu masu kyau da amfilifaya. A shago sautinsu kamar mai waƙar yana tsaye a gabana, amma da na kawo su gida sai bes, wato sauti mai kauri, ya riƙa gunji yana danne komai, murya kuma ta yi kaifi har tana sukar kunne. Falona mita 5 ne tsawo, faɗi mita 4, silin mita 3, ƙasa tayil. Na ajiye su a kusurwa biyu, hagu da dama da talabijin, kujerar da nake zama kuma tana jingine da bangon baya. Wani ya ce in canza waya, wani ya ce in ƙaro sabwufa, wato lasifikar bes zalla. Me ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna, riƙe kuɗinka. Daga yadda ka kwatanta, kayanka lafiyarsu ƙalau. Ka dai ajiye su a wurin da ya fi ko'ina ɓata sauti a ɗaki, kai ma ka je ka zauna a wuri na biyu wajen ɓatawa. Na daɗe ina haɗa kayan sauti a ɗakunan ɗaukar murya da gidajen mutane, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga mutum ya tara kuɗinsa da gumi, ya sayi kayan kirki, sannan a tura shi kasuwa neman maganin ciwon da tef ɗin awo da alli za su warkar. Idan kana zaune mita uku daga lasifika a falo irin naka, mafi yawan abin da ke shiga kunnenka ya riga ya bugi bango ko tayil ko silin kafin ya iso gare ka. Wato ɗakin kake saurare, lasifikar tana biye. A shago kuwa ka tsaya dab da su, ga kwalaye da kaya jibge ko'ina suna shanye amsa-kuwwa, ga ƙofa a buɗe.

Fara da abin da ba zai ci maka minti biyar ba. Leƙa bayan kowace lasifika, za ka ga wurin ɗaura waya biyu, ja da baƙi, haka ma bayan amfilifaya. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, dama da hagu duka. In aka juya ɗaya, lokacin da faifan lasifikar dama yake turo iska waje, na hagu yana janye ta ciki, sai su riƙa cin juna. Da yake kai kukan yawan bes kake yi, da wuya wannan ce matsalarka, amma ban taɓa fara aiki a ɗaki ban duba ba. An taɓa kirana wani gida, maigidan ya sayi sabwufa har biyu yana neman bes bai samu ba. Na zauna a kujerarsa muka kunna labaran rediyo, sai na ji muryar mai karanta labarai ba ta da mazauni, tana yawo kamar daga bayan kunnuwana take fitowa. Na haska bayan lasifikar hagu da tocilan wayata, sai ga zaren wayar mai zanen fari a kan baƙi, alhali a dama yana kan ja. Shekara biyu ke nan a haka. Na kwance na juya, muka sa waƙar da ya fi so. Ya yi shiru har ta ƙare, sannan ya ce a maido ta daga farko. Idan wayarka ba ta da alamar da za ka bambance zaren biyu, cire ta daga amfilifaya, ka taɓa bakinta da ƙaramin batir na rediyo mai volt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan kana kallon babban faifan. Zai motsa waje ko ciki. Abin da ake so, duka lasifikokin su motsa gefe ɗaya idan ka taɓa su iri ɗaya.

Yanzu gunjin. Duk wanda ya taso yana murɗa akwatin rediyo ya san maganar mita 19 da mita 25 a gajeren zango. Wannan mita tsawon igiyar rediyo guda ɗaya ake nufi. Sauti ma igiya ne, yana da nasa tsawon. Yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, a tsakiyar bazara ya kan kai 350 saboda zafi, kuma ana auna kaurinsa ko sirantarsa da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz. Siririn sauti mai 10,000 Hz tsawon igiyarsa bai kai santimita 4 ba. Mai 1,000 Hz, inda murya ke da ƙarfi, santimita 34. Amma bes mai 100 Hz tsawonsa ya kusa mita uku da rabi, mai 40 Hz kuwa ya haura mita 8, ya fi falonka tsawo. Shi ya sa halinsu ya bambanta. Siririn sauti kamar hasken tocila yake, inda aka saita shi nan yake zuwa. Bes kuwa kamar hayaƙin turaren wuta, gaba da baya da gefe duk yana fita, ya cika ɗaki.

To idan ka sa lasifika a kusurwa, bes ɗin da ya fita baya da gefe ba shi da inda za shi. Bango biyu da ƙasa su tattaro shi su turo maka, kamar mutum ya kewaye bakinsa da tafin hannu yana kiran wani daga nesa. Kowane bango da lasifika ta matsa kusa da shi yana iya ƙara wa can ƙasan bes har desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ga shi ka haɗa mata uku. Wanda ya ƙera ta bai yi lissafi da wannan ƙarin ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Ka taɓa hura bakin kwalbar lemo ka ji ta yi kuka da murya ɗaya tak? Kowane ɗaki ma yana da irin waɗannan muryoyin nasa, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa ne ke yanke su. Lissafin ba wuya: ninka tazarar bango biyu masu fuskantar juna sau biyu, ka raba 343 da abin da ka samu. Tsawon falonka na mita 5 yana ba da 34 Hz, faɗin mita 4 yana ba da 43, silin mita 3 yana ba da 57, sannan ga ninkinsu, 69 da 86 da 114. Duk lokacin da kiɗa ya taka ɗaya daga cikin waɗannan, ɗakin zai karɓe shi ya kumbura shi, ya kuma riƙe shi bayan makaɗin ya saki. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kan 41 Hz ne, dab da 43 ɗin falonka. Gunjin da kake ji ke nan: sauti ɗaya ko biyu sun fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba, suna jan ƙafa, suna rufe na bayansu. Kusurwa ita ce wurin da lasifika ke tayar da dukkan muryoyin ɗaki a lokaci guda, jikin bango kuma nan ne suka fi taruwa. Kai kuma ƙeyarka na jingine da bangon. Gwada da kanka yau da dare. Sa kiɗa mai bes, ka taso daga kujerar ka taka a hankali zuwa wajen talabijin. A jikin bango za ka ji shi har a ƙirji, da ka kai tsakiyar ɗaki daidai sai wani sashensa ya ɓace kamar an zare shi, ka wuce ya dawo. Ba wanda ya taɓa amfilifaya.

A nan gidajenmu suka bambanta da na waɗanda ke rubuta yawancin shawarwarin da ake karantawa. Gidaje da yawa a Amurka bangon cikinsu allo ne marar nauyi a kan katako, yana ɗan lanƙwasa ya sha wani kaso na bes, wani kuma ya ratsa ya fice. Namu bulo ne da filasta, ba ya motsi, abin da ya buge shi dawowa yake yi kusan gaba ɗaya. Don haka kuskuren da wancan ɗakin zai yafe, namu ba zai yafe ba.

Ga inda zan fara da a ce ni ne a falonka. Bar lasifikokin a bangon da suke, mai faɗin mita 4, su harba tsawon ɗakin. Ciro su daga kusurwa, tsakiyar kowace ta kasance santimita 80 daga bangon gefenta, sai tazarar da ke tsakaninsu ta zama mita 2.4. Fuskar lasifika, wato gabanta, ta kasance kimanin santimita 60 daga bangon da ke bayanta. Da gangan na sa 80 da 60 suka bambanta, domin in tazarar gefe da ta baya suka zo ɗaya, aibin da kowanne bango ke jawowa zai faɗa kan sauti guda ya ninka.

Za ka ji masu cewa a janyo lasifika mita guda daga bango, ko'ina, kowane ɗaki. Ban yarda da wannan a matsayin doka ba. Bes ɗin da ya tafi baya ya bugi bango yana dawowa ya tarar da wanda ke fita gaba, kuma a sautin da tazarar ta yi daidai da rubu'in tsawon igiyarsa, sai su kashe juna. Wani injiniya Ba'amurke, Roy Allison, ya yi bayanin yadda bango ke yi wa lasifika wannan aika-aika tun 1974. Raba 343 da ninki huɗu na tazarar za ka san inda ramin, wato sautin da zai raunana, zai faɗa. A mita guda yana faɗawa kan 86 Hz, tsakiyar dukan ganga, sai kiɗa ya rasa nauyi. A santimita 60 yana hawa wajen 143, a santimita 30 ya kai 286, inda lasifika ta fara daina watsa sauti baya sosai kuma abu mai laushi a bango zai iya rage shi. Saboda haka a ɗakunan ɗaukar murya aka fi son ko dai kusa da bango, ko nesa ƙwarai, a guji tsaka-tsaki. Kai da falo na iyali, kusa ɗin ce taka. Ka riƙa matsar da su tsakanin santimita 40 da 70, tafin hannu ɗaya a kowane gwaji, har ka sami inda bes ke da nauyi amma kana iya bin kowane bugu daban. Idan lasifikarka tana da ramin iska a baya, bar masa aƙalla faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango. In duk da haka bes ya yi yawa, cusa soso ko safa mai tsabta a ramin ka saurara. Ba ya lalata komai, wasu kamfanoni ma da sosonsu suke sayar da lasifikar.

Sai kujera, wadda ita ce rabin aikin. Abin da ake kira sitiriyo, wato a raba sauti dama da hagu har kunne ya ga mawaƙi a tsakiya da makaɗa a gefe, wani injiniyan Ingila mai suna Alan Blumlein ne ya yi rajistar dabararsa a 1931, yana aiki da kamfanin EMI. Tsarin da masu haɗa kiɗa ke zama a kai har yau shi ne kamar duwatsun murhu: lasifika biyu da kan mai sauraro, tazarar kowane biyu daidai da sauran. A falonka in ka bi wannan sak, kanka zai faɗa wajen mita 2.7 daga bangon gaba, dab da tsakiyar ɗakin inda na ce bes ke ɓacewa. Don haka ja baya kaɗan, kunnenka ya kasance mita 3 ko 3.1 daga bangon gaba, ka bar kusan mita biyu a bayanka. Faɗin filin kiɗan zai ɗan tsuke, amma abin da ka samu a bes ya fi abin da ka rasa.

Na san abin da za ka ce. Falo ba naka kai kaɗai ba ne, ba za a dasa doguwar kujera a tsakiyar hanya ba, uwargida tana da nata tsarin, ga yara, ga baƙi. Gaskiya ne, kuma ban ga amfanin sautin da zai jawo ɓacin rai a gida ba. Mafita biyu ce. Ko ka sami kujera ɗaya marar nauyi, ka yi wa tayil ƙaramar alama inda ƙafafunta za su zauna, ka janyo ta lokacin da za ka saurara da gaske, ka mayar in ka gama. Ko kuma ka janye doguwar kujerar daga bango ko da rabin mita ne, ka rataya abu mai kauri a bangon daidai bayan kanka. Rabin mitar nan kaɗai za ka ji bambancinta.

Abin da ba a sassauci a kansa shi ne daidaiton nisa. Daga hancinka zuwa lasifikar dama, da daga hancinka zuwa ta hagu, su zama ɗaya, da tef za ka auna, kada ka yarda da ido. Kunne yana bin sautin da ya riga isowa. Wani Bajamushe, Helmut Haas, ya yi bincike a kan haka wajen 1949, har ake kiran abin da sunansa. Sauti yana cin santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma bambancin da bai wuce wannan ba ya isa ya kwashe mawaƙi daga tsakiya ya kai shi jikin lasifikar da ta fi kusa. Ko santimita biyar ma tana karkatar da shi. Hanya mai sauƙi: ɗaura zare a tsakiyar makarin kujera daidai inda kanka ke zama, ka ja shi zuwa kusurwar saman lasifika ɗaya, ka riƙe wurin da yatsa, ka kai shi ɗayar.

Tsayi kuma, ƙaramin faifan sama mai fitar da siririn sauti shi ne zai yi daidai da kunnenka a zaune. A kan kujera wannan ya kan kama santimita 90 zuwa mita guda daga ƙasa. In kai mai zama a kan darduma ne kana jingine da kujera, kamar yadda da yawanmu suka fi sakewa, to auna daga nan, ka sauko da su. Ƙananan lasifikoki suna son abin ɗorawa mai nauyi wanda ba ya rawa. Mai walda zai yi maka shi da bututun ƙarfe mai faɗi, ka cika cikinsa da busasshen yashi don kada ya yi ƙara, ka sa ɗan roba tsakaninsa da tayil. Kada ka kwantar da lasifikar da aka yi don tsayuwa, kada ka rataye ta can kusa da silin kamar ta masallaci, kada kuma ka tura ta cikin kabad ɗin talabijin, domin kabad akwati ne, zai ƙara nasa kukan. In dole sai a kan kanta, janyo ta har fuskarta ta zo daidai bakin kantar.

Daga nan sai karkatarwa. Fara da saita kowace ta kalli kunnenka kai tsaye. Sa muryar mutum ɗaya yana magana, labaran rediyo sun fi komai dacewa, ka rufe ido. Muryar ta tsaya cak a tsakiya, ƙarama, daidai girman bakin mutum, kamar talabijin ɗin ce ke magana alhali a kashe take. In ta baje ta cika bango, ko lasifikokin sun yi nisa da juna ko karkatarwar ta yi kaɗan. In ta tsaya amma tana da kaifi, buɗe su kaɗan yadda saitinsu zai haɗu a bayan kanka. In kuma ku da yawa ne ke zama a doguwar kujera, gwada akasin haka, ka karkatar da su sosai saitinsu ya gicciye a gabanka, sai wanda ke zaune a gefe ya riƙa samun lasifikar da ta fi masa nisa tana kallonsa, murya ba za ta gudu gefe ɗaya ba. Kada ka yi wannan gwajin da karatun Alƙur'ani na faifai, domin galibi an ƙara masa amsa-kuwwa tun wajen ɗauka, ba za ka bambance ta faifan da ta ɗakinka ba.

Kaifin da ke sukar kunnenka kuwa aikin tayil ne da bango tsirara. Tsaya a tsakiyar falon ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani siririn kaɗawa ya biyo bayan tafin, kamar an ja tsirkiyar ƙarfe, to sauti ne ke kai da komo tsakanin bango biyu. Ilimin gyaran wannan da matasan kujera aka fara shi. A 1895 jami'ar Harvard ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa saboda amsa-kuwwa. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren wasa na kusa cikin dare, suna jerawa, suna auna daƙiƙa nawa sauti ke ɗauka kafin ya mutu, su mayar kafin gari ya waye. Daga nan ya fitar da lissafin da ake amfani da shi har gobe. Kai ma da kayan ɗaki za ka yi naka. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin lasifikokin da kujera, in da hali da wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa. Labule ya zama mai nauyi, mai yalwa yadda zai yi ninki-ninki, a ɗan nesa da gilashin taga. Teburin gilashi na tsakiyar falo ka kawar da shi gefe lokacin sauraro, madubin sauti ne a gabanka.

Wuraren da suka fi muhimmanci a bangon gefe, madubi ne zai nuna maka su. Zauna a kujerarka, wani yaro ya manna madubi a bango daidai tsayin kunnenka yana jan sa a hankali. Inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan ne sauti ke bugawa ya zo kunnenka jim kaɗan bayan na asali. Yi alama, ka yi haka a ɗaya bangon. Nan za ka sa labule, ko darduma mai kauri da aka rataya da ɗan sarari a bayanta, ko kantar littattafai. Ka lura gefen biyu su yi kama da juna, kada dama ta zama labule hagu ta zama gilashi. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa ɓata lokaci ne, ga haɗarin gobara. Abu mai laushi yana shan sauti sosai ne idan kaurinsa ya doshi rubu'in tsawon igiyar, wato wajen santimita 8 ga 1,000 Hz, amma santimita 85 ga 100 Hz. Ka ga ke nan siririn soso ba ruwansa da gunjin bes, sai dai ya kashe hasken kiɗan ya bar maka gunjin. Kada kuma ka lulluɓe ɗakin gaba ɗaya. Ana son ya rage rai kaɗan, yadda hira a cikinsa za ta yi daɗi.

Maganar waya gajeriya ce. Ta jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5 ta wadatar a tazarar mita biyar, in ta fi haka nisa ka ɗauki 2.5, irin awon da masu wayarin gida suka sani. Abin da za ka kiyaye a kasuwa shi ne wayar alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare zare ɗaya da reza, in cikinsa fari ne ka ajiye ta. Bayan wannan, ba wata waya mai tsada da za ta taɓa gunjin ɗakinka. A amfilifaya kuma, mayar da maɓallin bes da na tirebul, wato siririn sauti, tsakiya, ka kashe duk wani maɓallin ƙara armashi kafin ka fara gwaji, in ba haka ba gyara kake yi a kan karkatacciyar ƙasa. Duba bayan lasifikar ka ga om nawa aka rubuta, wato awon turjiyarta ga wuta, 4 ko 6 ko 8, ka tabbata amfilifayar ta yarda da shi. Kuma ka sani ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har muryarta ta fara tsagewa ta fi babba saurin ƙona faifan sama. Da ka ji sauti ya fara karcewa, rage. Wat dubu-dubu da ake rubutawa a kwali da harufan PMPO ba abin dogaro ba ne, na RMS ake dubawa, wato ƙarfin da ake iya riƙewa a ɗore, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa.

Sabwufa fa? Mai kukan bes ya yi yawa ba ya ƙaro bes. In bayan wata guda da gyara ka ji can ƙasa akwai abin da ƙananan lasifikokinka ba sa kaiwa, sai a yi maganarta. Ranar da ka sayo, ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka sa kiɗa, ka rarrafa gefen bangon ɗakin kana saurare. Inda ka ji bes ya fi daidaita, nan ne mazauninta. Saita ta ta karɓi aiki daga wajen 80 Hz zuwa ƙasa, ka rage ƙarfinta har sai ka daina sanin daga ina take, sai in an kashe ta ka ji rashinta.

Wajen gwajin nan mutane ke ruɗa kansu, su matsar da lasifika, su canza kujera, su murɗa maɓalli duk a lokaci guda, daga baya su rasa wanne ya gyara wanne ya ɓata. Zaɓi waƙoƙi uku da ka sani kamar yunwar cikinka, ɗaya mai murya a fili, ɗaya mai bes da ganga, ɗaya mai kayan kiɗa da yawa. Canza abu ɗaya, saurari minti ɗaya na kowace a ƙarfi iri ɗaya, ka yi alama da alli a tayil. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki lokacin gwaji in za ka iya jurewa, kuma kada ka yi shi janareto na ruri a bayan taga, domin ƙararsa tana zaune ne daidai inda bes yake. Kunne yana gajiya, bayan awa guda ka tashi, gobe ka dawo. Ma'aikatan lafiya sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Za ka lura da kanka cewa idan lasifika ta zauna daidai ba ka buƙatar murɗawa sosai kafin ka ji komai, maƙwabta ma su huta.

Ka kula da wuta. Amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa. In an ɗauke wuta ka kashe ta daga soket kafin a dawo da ita ko a tayar da janareto, ka kuma sa mata sitabilaiza mai ƙarfin da ya fi abin da take ja. Lokacin hunturu ka riƙa rufe kayan da ƙyalle in ba a amfani da su, amma kada ka bar ƙyallen a kan amfilifaya tana aiki, tana buƙatar iska. Rana mai shigowa ta taga kuma tana cinye robar da ke kewaye da faifan lasifika.

In ka yi duk wannan, mako ya zagayo, har yanzu akwai sauti ɗaya da ke kumbura duk lokacin da kiɗa ya taka shi, to muryar ɗakin ce ta ƙi lanƙwasa, kuma ana iya rage ta da na'ura. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna REW, da ita da makirfon awo za ka ga a zane daidai inda tudun, wato sautin da ya kumbura, yake, ka rage shi shi kaɗai. Tudu ake ragewa. Rami ba ya cikuwa da ƙarin ƙarfi, domin sautin ne ke kashe kansa a wurin, sai dai a matsar da kujera ko lasifika. Kafin mu kai nan, aiko mini da inda ƙofa da tagogin falon suke, ko akwai wata hanya buɗaɗɗiya zuwa wani ɗaki, da kuma ko ramin iskar lasifikarka a gaba yake ko a baya. Da waɗannan zan gaya maka ko 60 ɗin nan za ta zauna ko sai mun koma 45.